Katin Tallan Taba na Kan Kanta: Asalinsa, Aikinsa da Ƙarshensa

Duk wanda ya shiga kantin sayar da taba a Ingila ko Amurka tsakanin shekarar 1890 da 1960, abin da zai fara cin karo da shi, tun bai yi magana da mai kanti ba, shi ne wani kati mai kauri, mai hoto da launi iri iri, a tsaye bisa kanta, watau dogon teburin nan da ke raba mai kanti da mai saye. Daidai wurin da mutum zai ajiye kuɗinsa, nan ake kafa shi. Yau doka ta kori irin wannan kati daga kantuna a ƙasashe da yawa, ya koma hannun masu tara kayan da, da gidajen ajiye kayan tarihi.

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana dalilin da ya haifi katin nan, da yadda ake yin sa, da irin maganar da yake yi wa mai saye. Abin ya cancanci masu nazarin harshe da malaman kwalejin horon malamai su dube shi, domin da wuya a sami wata shaida da ta fi wannan nuna yadda hoto guda da kalmomi ƙalilan kan sa mutum ya so abin da ba ya bukata, har ma abin da zai cuce shi.

Kafin zuwan katin

Tun a ƙarni na 17 masu sayar da taba a Ingila suka gane cewa galibin masu sayen kayansu ba su iya karatu ba. Saboda haka sai su sa a sassaƙa musu mutum-mutumi na itace, su girke shi a ƙofar kanti. Sau da yawa siffar mutumin ƙasar Amurka na asali akan yi, ko ta baƙin mutum sanye da ganyen taba, don a tuna wa mai wucewa inda tabar ta fito. Masu sayar da garin taba na shaƙa kuwa sukan kafa siffar mutumin tsaunukan Sikotilan cikin tufafin ƙasarsu. Wannan alama sana'ar mai kanti kaɗai take nunawa, kamar yadda ganin zabira ke nuna wanzami. Ba ta ambaton sunan kamfani, domin a lokacin nan mai kanti shi ke yanka taba, ya auna, ya ƙunsa wa mai saye a takarda. Amincin kaya yana ga amincin mai kanti.

Injin da ya haifi talla

Abin da ya juya al'amarin shi ne inji. Har wajen 1880 da hannu ake naɗa sigari, gwanin naɗi kuwa bai cika wuce kara 4 a minti guda ba. A 1881 wani saurayi mutumin Amurka, James Bonsack, ya yi rajistar injin da ke iya naɗa kara 120,000 cikin awa 10. A 1884 James Buchanan Duke, wanda gidansu ke sana'ar taba a garin Durham, ya ɗauki hayar injin. Nan da nan sai wahalar sana'ar ta sake kama. A da abin da ke da wuya shi ne a naɗa sigarin da zai ishi masu saye. Yanzu kuwa sigari ya yi yawa, masu shansa ne suka yi kaɗan, gama mazajen wancan zamani sun fi sabawa da lofe, da tabar tauna, da babban naɗin nan na ganye zalla. Dole sai an ƙirƙiro masu sha. A 1889 kaɗai Duke ya kashe wajen dala 800,000 a kan talla, a 1890 kuma ya haɗa manyan abokan hamayyarsa cikin kamfani guda, American Tobacco Company.

A Ingila ma haka abin ya tafi. Kamfanin W.D. & H.O. Wills na birnin Biristol ya sayi izinin aiki da injin Bonsack, a 1888 ya fito da sigarin Wild Woodbine, kara 5 a kan kwabo guda, kuɗin da ko lebura ba zai rasa ba. A 1901 Duke ya ƙetaro ya sayi kamfanin Ogden's na Libaful, da niyyar cinye kasuwar Ingila. Sai kamfanoni 13 na ƙasar suka haɗa kai suka kafa Imperial Tobacco Company don su tare shi. Bayan an sha gumurzu, a 1902 aka yi sulhu a kan kowa ya tsaya ƙasarsa, sa'an nan suka haɗa jari suka kafa British-American Tobacco Company don ta yi ciniki a sauran ƙasashen duniya. Mai karatu ya riƙe sunan nan, za mu sake gamuwa da shi a Zariya.

To, da yake sigarin inji kusan duk kamarsa ɗaya, farin kara ne cikin kwali, mai saye ba shi da hanyar bambanta na wannan kamfani da na wancan sai ta suna da hoto. Amincin kaya ya tashi daga kan mai kanti ya koma kan tambarin da ke jikin kwali. Aikin katin kan kanta ke nan: ya sa sunan nan a bakin mai saye a daidai lokacin da zai buɗe baki ya ce a ba shi taba.

Yadda ake yin katin

Da ba don wata dabarar ɗab'i ba, da katin bai yiwu ba. Wajen 1796 wani Bajamushe, Alois Senefelder, ya gano bugun dutse. Asalin dabarar shi ne mai da ruwa ba sa haɗuwa. Akan sami faffaɗan dutse mai laushin fuska a goge shi sumul, a zana hoto a kansa da alli mai maiƙo, sa'an nan a jiƙa dutsen. Idan aka shafa tawada, sai ta kama inda maiƙo yake, ta bar inda ruwa yake. In an danna takarda a kai, hoto ya fito. A 1837 Godefroy Engelmann ya yi rajistar hanyar yin wannan bugu da launi a Faransa. Kowane launi da dutsensa, saboda haka hoto guda yakan ci dutse 10 ko 12, wani lokaci fiye, kuma tilas kowane bugu ya sauka daidai kan na bayansa, in ba haka ba fuskar mutumin da ke hoton ta jirkice. Aikin shirya duwatsun yana da tsada, amma da zarar an gama, sai a buga dubbai a kan kuɗi kaɗan. Wannan ya dace da bukatar kamfanin da ke son hotonsa ya shiga kowane kanti.

Bayan bugu akan manna takardar a kan kwali mai kauri, a shafe ta da man ƙyalli don kada ƙura da hayaƙi su ɓata ta. A bayanta akan lanƙaya wata 'yar ƙafa ta kwali wadda ake buɗewa katin ya tsaya da kansa. Waɗansu akan huda su a sa igiya don ratayewa. Waɗansu kuma akan yanke su bisa siffar abin da aka zana, mutum ko kwalin sigari, har a bar gurbin da za a cusa kwali na gaske. Wakilan kamfani masu zagaya kantuna su ke rarraba su kyauta, tare da kwalaye marasa kome a ciki na jerawa a taga. A waje kuma akan kafa allunan ƙarfe masu irin shafen da ake yi wa langa da fanteka, waɗanda ruwa da rana ba sa cin su. Allon waje yakan kira mai wucewa ya shigo, katin kanta kuwa shi ke zaɓa masa abin da zai saya.

Abin da hoton ke faɗa

Idan aka jera katunan nan bisa shekarunsu, abu na farko da mai nazari zai lura da shi shi ne ba su cika magana a kan taba kanta ba. Maganarsu a kan mai shan ce, da irin mutumin da yake so a ɗauke shi.

Kamfanin John Player & Sons na Notingham ya zaɓi hoton wani sojan ruwa mai gemu, cikin zoben ceton wanda ya faɗa teku, da jiragen ruwa a bayansa, ga kalmar da ke nufin jarumi a rubuce a hularsa. A zamanin da Ingilishi ke alfahari da rundunarsu ta ruwa, wannan hoto yana gaya wa akawu ko leburan da bai taɓa ganin teku ba cewa da kwabo kaɗan shi ma zai shiga sahun mazaje. A Amurka kuwa, sa'ad da kamfanin R.J. Reynolds ya fito da Camel a 1913, sai ya sa hoton raƙumi da dabino da dalar Masar, don a ji ƙanshin ƙasashen gabas, alhali kuwa yawancin ganyen da ke ciki a Amurka aka noma shi, na Turkiyya ɗan kaɗan ne. Raƙumin ma na wani gidan wasan dabbobi ne da ya zo garinsu aka ɗauki hotonsa.

Da aka ga mata rabin jama'a ne, kuma al'ada ta hana su shan taba a fili, sai talla ta juya kansu. A 1928 Lucky Strike ta shiga gaya wa mata su ɗauki sigari maimakon alewa don kada su yi ƙiba. A 1929 Edward Bernays, wanda kamfanin ya ɗauka aiki, ya shirya waɗansu 'yan mata su kunna sigari a tsakiyar jerin gwanon Ista a birnin New York, aka sanar wa 'yan jarida cewa alamar 'yancin mata ce. Labarin Marlboro ya fi kowanne nuna cewa hoto ne ke aiki. A 1924 an fito da ita a matsayin tabar mata, ana yabon sanyinta. Wajen 1955 aka sake mata kwali, aka sa mata hoton ƙosassun maza, musamman makiyayin shanu bisa doki, sai ga ta ta zama tabar mazaje, daga baya har ta fi kowace sigari kasuwa a duniya.

Amma hoton da ya fi nauyi a wannan tarihi shi ne na likita. Tun kafin a tabbatar da kome, masu shan sigari sun san tana sa tari da kaushin maƙogwaro. Maimakon talla ta kauce wa zancen, sai ta rungume shi. A Ingila, Craven A ta yi shekaru tana cewa a sha ta don lafiyar maƙogwaro. A 1930 Lucky Strike ta buga hoton likita cikin farar riga, tana cewa likitoci 20,679 sun shaida ta fi sauran sauƙi a maƙogwaro. Yadda aka sami adadin kuwa shi ne an aika wa likitoci sigarin kyauta tare da tambayar da aka shirya don ta jawo amsar da ake so. A 1946 Camel ta fara cewa an tambayi likitoci 113,597, kuma ita suka fi sha. Nan ma an bi likitoci wurin taronsu an ba su Camel kyauta, sa'an nan aka tambaye su wace taba suke sha. Ya kamata malami ya lura da ƙarshen adadin nan, 679 da 597. Da an ce dubu ashirin cif, da mai karatu ya yi tsammanin ƙiyasi ne. Da aka kawo har da 'yan ɗai-ɗai, sai ya zaci an yi ƙidaya ta gaskiya.

Katin cikin kwali

Katin kan kanta yana da ƙane, watau ɗan ƙaramin katin da ake sakawa cikin kwalin sigari. Asalin amfaninsa shi ne ya ƙarfafa kwalin takarda don kada karan ya karye. Daga baya aka ga bai kamata a bar shi fari ba. Cikin shekarun 1880 kamfanonin Amurka, irin su Allen & Ginter, suka fara buga hotuna a kansa, kamfanonin Ingila kuma suka bi. Akan yi jeri na kati 25 ko 50 a kan batu guda: jiragen ruwa, tutocin ƙasashe, tsuntsaye, furanni, sarakunan Ingila, 'yan wasan kurket da na ƙwallon ƙafa. Gaba hoto, baya ɗan taƙaitaccen bayani. Akwai kuma littafin mannawa da ake sayarwa kwabo guda.

Ba a musun cewa yara da yawa na gidajen talakawa sun ƙaru da ilmi daga katunan nan, a lokacin da littafi mai hoto ya fi ƙarfinsu. Amma dabarar da ke ciki a fili take. Wanda ya tara 47 cikin 50 ba zai sauya taba ba sai ya cika jerinsa. Yaron da ke tsayawa ƙofar kanti yana roƙon manya katinsu kuwa, ya haddace sunayen sigari shekaru kafin ya isa sha. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, masu talla ma sun san haka. A Ingila ƙarancin takarda na Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da buga su a 1940, ba su kuma sake komawa kamar da ba. Yau sun zama dukiya. Katin ɗan wasan besbol Honus Wagner, na jerin 1909 zuwa 1911, wanda aka daina bugawa da wuri domin mai hoton bai yarda ba, an sayar da guda a kan dala miliyan 7.25 a 2022. Gidan tarihi na British Museum a Landan yana riƙe da tarin Edward Wharton-Tigar, mai kati fiye da miliyan guda.

A ƙasar Hausa

Taba ta riga Turawan mulki zuwa ƙasashenmu da ƙarni uku. Tun wajen 1600 ta iso Afirka ta Yamma, Malam Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya rasu a 1627, yana cikin malaman farko da suka yi rubutu a kan hukuncinta. Bahaushe ya san tabar gari da ake haɗawa da kanwa, ya san tukunyar taba, mata kuma sun san furen taba na rina haƙora. Har ta shiga karin magana, inda ake cewa taba ta bambanta da garin gero. Sigari na kwali shi ne baƙo. British-American Tobacco ta fara da shigo da shi daga waje, a 1937 ta buɗe ma'aikata a Ibadan, a 1951 aka kafa Nigerian Tobacco Company, a 1959 kuma aka buɗe ma'aikatar Zariya.

A nan mai tebur ne ya tsaya a matsayin mai kanti, kuma da kara-kara ya fi sayarwa. Kwalin da ya jera bisa teburinsa, tsakanin ashana da alewa, shi ya yi aikin katin talla. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne yadda jama'a suka bi da sunayen. Wanda bai iya karatun boko ba bai damu da rubutun Ingilishi da ke jikin kwali ba, hoton ya duba ya raɗa wa taba suna: Three Rings ta zama mai zobe, Bicycle ta zama mai basukur. Ashe abin da mai sassaƙa mutum-mutumi ya gane a Ingila a ƙarni na 17, shi ne ya sake tabbata a kasuwanninmu.

Har wa yau, ana iya gwada maganar talla da kirari. Dukansu gajeru ne, masu daɗin faɗa, masu saurin zama a ka, kuma dukansu yabo suke yi ba su ambaton aibi. Bambancin shi ne mai jin kirari yana ganin maroƙi, ya san kuma wanda zai biya shi. Katin talla kuwa yakan ɓoye maroƙin, ya ari bakin likita ko na soja.

Ƙarshen katin

A 1950 Richard Doll da Austin Bradford Hill suka buga bincikensu na asibitocin Landan. Cikin maza 649 masu ciwon dajin huhu, mutum 2 kaɗai ne ba sa shan taba. A shekarar nan kuma Ernst Wynder da Evarts Graham suka sami irin wannan sakamako a Amurka. Ran 4 ga Janairu 1954 kamfanonin taba na Amurka suka sayi fili a jaridu fiye da 400 suna cewa ba a tabbatar da kome ba tukuna. Takardunsu na cikin gida, waɗanda shari'o'in shekarun 1990 suka tono, sun nuna sun san fiye da abin da suka faɗa. Ƙungiyar manyan likitocin Landan ta fitar da rahotonta a 1962, babban likitan gwamnatin Amurka ya fitar da nasa a 1964. Ingila ta hana tallan sigari a talabijin a 1965, Amurka ta hana a rediyo da talabijin daga Janairun 1971.

Sai dai kowace ƙofa aka rufe, kuɗin talla sai ya kwarara zuwa wadda ta saura, wadda ta fi daɗewa a buɗe kuwa ita ce kanta. A Birtaniya, bayan an hana talla a jaridu da allunan titi a 2003, dokar 2004 ta rage wa kowane kanti talla guda tak, wadda girmanta bai wuce rabin takardar ofis ba, kashi 30 cikin ɗari na filinta kuma gargaɗi ne. Daga nan aka hana ko jera kwalayen a fili, a manyan kantunan Ingila a 2012, a ƙanana a 2015. Ostareliya ta soke hoton kamfani daga jikin kwalin kansa a Disambar 2012. Nijeriya ta yi dokar farko a 1990, ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2005, dokar 2015 kuma ta hana tallan taba ga jama'a, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayarwa kara-kara. Duk da haka, bisa lissafin hukumar nan, taba tana kashe mutum fiye da miliyan 7 kowace shekara.

Shawararmu ga malaman kwaleji ita ce su kai hoton irin wannan kati aji, su sa ɗalibai su amsa tambayoyi huɗu a kansa. Wa ke magana a hoton, wa kuma ya biya shi? Wa ake yi wa maganar? Wane alkawari aka yi da hoto wanda ba a rubuta da kalmomi ba? Me aka sani a shekarar da aka buga shi wanda aka ƙi faɗa? Tsohon katin taba ya fi tallan yau daɗin koyarwa, domin ƙarshen labarinsa ya riga ya bayyana, ba sauran gardama. Ɗalibin da ya koyi warware shi zai iya warware tallan magani, da na lemon kwalba, da na 'yan siyasa, ya kuma koya wa yaran da za a danƙa masa.